Zuwa ga mutumina a Monrobiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Wato tun da ka samu kifin teku ka manta da mu ko? Ko barka da sallah babu. Ina da tambaya a kan maganar filin nan, amma bari in fara sauke abin da ke cina.

Bana an ɗora mini ajin tarihi, muna kan yaƙin Hitila. Garin shirya darasi na ci karo da labarin Laconia, katafaren jirgin fasinja na Ingila da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar ranar 12 ga Satumba, 1942, a tekun nan da kake kallo kullum, can wajen tsibirin Ascension. Mutum kusan 2,700 ne a ciki, har da mata da yara, kuma wajen 1,800 fursunonin yaƙi ne 'yan Italiya, a kulle a ƙasan jirgi. Ka ga Bajamushe ya harbi abokan ƙawancensa bai sani ba.

Da kyaftin ɗin jirgin Jamus ɗin, Werner Hartenstein, ya ji ana ihu da Italiyanci cikin ruwa, sai ya hau tsamo mutane, nasa da na abokan gaba. Ya cika bayan jirginsa maƙil, ya ɗaura kwale-kwalen ceto yana ja, ya yi shela ta rediyo da Turanci cewa duk jirgin da ya kawo ɗauki ba zai taɓa shi ba. Ranar 16 ga wata jirgin saman Amurka ya iso, ya ga tutar Red Cross a shimfiɗe, ya yi shawagi, aka ba shi umarni ya dawo ya saki bama-bamai. A kan waɗanda ake ceto fa! Ba wanke Hartenstein nake ba, shi ya jefa su ruwan tun farko. Amma wannan umarnin ya tsaya mini a rai, don washegari Dönitz, babban kwamandan jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, ya haramta wa jiragensa ceton kowa.

Kai da ko kududdufin bayan gidanku ba ka iya tsallakawa, da tuni an yi maka sadakar uku.

Af, ƙanenka ya kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinyar nan, wadda ka rantse ba za ta kula shi ba. Hajiya kuma ta ce turarenta har yanzu tana zuba ido.

Jiragen Faransa, har da wanda ya taso daga Dakar, sun kwashe mafi yawan waɗanda suka rage. Mutum wajen 1,100 suka tsira. Wani kwale-kwale kuwa kwana 27 ya yi a teku kafin ya kai gaɓar Laberiya, cikin mutum 68 saura 16 da rai. Ƙishirwa ta ci da yawansu, ga ruwa ko'ina ba na sha ba. Don Allah ka tambayi tsofaffin masunta a nan ko kakanninsu sun taɓa ba su labarin, ɗalibaina sun dame ni.

A gaida madam da yara. Kuma ka kira, ko na minti biyu ne.

Naka har kullum.