Kafin ka sayi gidan da za ka zauna tare da 'yan haya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu shirin sayen gida mai sassa biyu zuwa huɗu, su zauna a ɗaya su ba da sauran haya. Dabara ce mai kyau, amma lissafin da akasarin masu saye ke yi na son zuciya ne.

Sai ka ga mutum ya ninka kuɗin hayar wata sau 12 ya ce ga abin da zai samu a shekara. Ina! Lissafa wata 10 kawai, domin ɗan haya zai tashi, sashen ya zauna a rufe kana fenti kana neman wani. Cire kashi 10 cikin 100 na gyara, sannan haraji da inshora. A gida mai sassa uku, kai kana ɗaya, mutum guda ya tashi rabin kuɗin shigarka ya tafi ke nan. In da bashi za ka saya, kuma ba za ka iya biyan wata uku daga aljihunka ba, gidan ya fi ƙarfinka.

Ranar dubawa tafi da magini da mai gyaran famfo da mai aikin wuta, naka ba na dillali ba. Ɗaga kai ka duba silin: tabon ruwa alamar yoyo ce. Bango ɗaya tak da sabon fenti, danshi ake ɓoyewa. Tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga, har tsabar kuɗi na shiga, sau da yawa daga harsashin gini take, gyaranta kuwa sai an shirya. Buɗe famfunan duka sassan lokaci guda ka ga ko ruwa zai ragu. Tambayi girman ramin masai ma, don wanda aka haƙa wa iyali ɗaya ba ya ɗaukar huɗu.

Mita kuwa, kowane sashe da tasa. Mita ɗaya ita ce uwar rigima: wani na guga da dafa ruwa, wani ƙwai biyu kawai yake kunnawa, a ce a raba daidai.

In akwai 'yan haya a ciki, nemi yarjejeniyarsu da rasit. Wanda ya biya gaba, ko ya ba da kuɗin ajiya, a cire daga farashi, in ba haka ba kai za ka zaunar da shi kyauta. Lauya ya tantance takardar mallaka, da ko hukuma ta amince da raba gidan.

Bayan ka tare, sabo ne zai cuce ka. Wanda kuke gaisawa kowace safiya, da kunya ka ce masa wata ya ƙare. Shi ya sa ranar biya, da sharar tsakar gida, da wurin ajiye mota, da wanda zai gyara abin da ya lalace, duk a rubuta su a sa hannu gaban shaidu kafin makulli ya bar hannunka.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu