Zuwa ga ƙanwata da aka ba wa soshiyoloji alhali lauya ta nema

Salamu alaikum ƙanwata,

Tunda a gaban mutane kika jefo min tambayar nan to nima bari in amsa miki a gaban mutane, don na san ba ke kaɗai ba ce, akwai da yawa da suka yi tsit suna jiran su ji me zan ce. Abin da kika ce dai shi ne ke karatun lauya kika nema jami'a ta ba ki soshiyoloji, kuma tun ranar da sunanki ya fito duk wanda ya ji sai ya ce miki "to shi wannan in an gama me ake zama?" ke kuma sai dai ki sunkuyar da kai. Kika ce Anti tunda ke shi kika karanta ki faɗa min tsakani da Allah, in karɓa ko in haƙura in jira baɗi.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Masu tambayar nan suna da ɗan gaskiyarsu, wanda ya karanta likitanci likita zai zama, wanda ya karanta lauya an san inda zai dosa, amma babu wani ofis da za ki je ki tarar an ajiye kujera ana jiran mai digirin soshiyoloji ta zo ta zauna. Haka tarihi yake, haka kimiyyar siyasa, har tattalin arziki ma da ake ta yi wa kirari. Takardar kaɗai ba ta kai mutum ko'ina, abin da ke cikin kwas ɗin ne yake kaiwa, kuma abin haushin shi ne ɓangaren da ya fi amfani a cikinsa shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu, nima na gudu kuma na ji a jikina, zan zo kan wannan.

Amma bari tukuna ki san me aka ba ki, don na lura yawancin masu kuka ba su ma san mene ne ba, wasu sun ɗauka saikoloji ne wai za a koya musu karanta zuciyar mutane, wasu sun ɗauka aikin kula da marayu da gajiyayyu ne. Wani malami ɗan Amurka, C. Wright Mills, ya kawo misali a 1959 wanda har yau ban ga abin da ya fi shi sauƙin fahimta ba. Ya ce in a gari mai mutum 100,000 aka samu mutum ɗaya ba shi da aiki to matsalarsa ce, sai a duba halinsa da abin da ya iya. Amma in a ƙasa mai ma'aikata miliyan 50 aka samu miliyan 15 suna zaune ba aiki, to ba za ki ce duk ragwaye ne ba, wani abu ne ya lalace a tsarin kansa. Soshiyoloji kenan a taƙaice, ki ɗauki abin da kowa yake gani kamar laifin mutum ɗaya ko rashin sa'arsa, mutuwar aure ne ko shaye-shaye ko yaro ya bar makaranta, ki ja da baya ki duba su waye abin ya fi faɗa wa, a wane lokaci, kuma me ya haɗa su.

Ranar da ni kwas ɗin ya shige ni ita ce ranar da aka yi mana lakca a kan Emile Durkheim, Bafaranshen nan da ya yi bincike a kan masu kashe kansu ya fitar a 1897. Ki duba fa, akwai abin da ya kai wannan zama sirrin mutum shi kaɗai da zuciyarsa? Amma mutumin nan ya tattaro alƙaluman ƙasashen Turai ya jera, sai ya ga kowace ƙasa adadinta ba ya wani canzawa sosai daga shekara zuwa shekara, ya ga abin ya fi yawa a cikin Kiristoci 'yan Furotesta a kan 'yan Katolika, ya fi yawa a cikin marasa aure a kan masu aure, ya fi yawa a maza, kuma abin mamaki in ana yaƙi sai ya ragu. Sai ya ce ashe akwai ruwan yadda mutum yake ɗaure da jama'arsa, in igiyar ta yi sako-sako haɗarin yana ƙaruwa. Na fito daga ajin nan kaina yana juyawa wallahi. Daga baya a aji uku aka nuna mana cewa masana sun soki alƙaluman nasa, don ba kowane gari ne yake rubuta gaskiyar sanadin mutuwa ba, a wasu wuraren dangi suna ɓoyewa saboda kunya, sai naji abin ya ƙara burge ni ma, wato ko babban malamin ba a ƙyale shi ba sai da aka tambaye shi ina ka samo lambobinka.

A shekarar farko za a cika ki da sunaye. Za a ce miki Auguste Comte ne ya yaɗa sunan fannin a wajajen 1838, za a ce jami'ar Shikago ta buɗe sashensa a 1892, sannan a kawo miki manyan ukun nan da ba kya tsallake su ko ina kika je karatu a duniya, Durkheim da Karl Marx da Max Weber, shi na ƙarshen Bajamushe ne Veba ake furtawa, kar ki je ki ji kunya kamar yadda na ji. Marx zai ce miki ki duba wa ya mallaki dukiya wa yake yi masa aiki, Weber zai ce ki duba ma'anar da mutane suke bai wa abin da suke yi da yadda ofisoshi da dokoki suke tafiyar da rayuwa. In kin yi sa'ar malami mai zurfi zai tuna muku da Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377 yana bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da yake sa mutanen ƙauye da sahara su kafa mulki, sai jin daɗin birni ya narkar da shi a jikokinsu wasu su zo su ture su. Ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Comte kenan. In malaminku bai kawo shi ba ke ki nemo da kanki.

Tiyori yana da daɗi, kuma nan ne tarkon yake. Za ki iya haddace wa ya ce me ki juye a takardar jarabawa ki ci maki mai kyau ki fito ba ki iya komai ba sai surutu, irin mutanen nan da ko gaisawa kuka yi sai sun ce miki laifin jari-hujja ne. Su ne suka ja wa kwas ɗin sunan karatun 'yan surutu.

To ga maganar da na ce zan dawo kanta. A cikin shekara uku ko huɗun da za ki yi, ya danganta da ƙasar da kike, akwai kwasa-kwasan dabarun bincike da na ƙididdiga. Yawancinmu mun shigo ne muna murna mun rabu da lissafi, sai ga shi ya biyo mu har ɗaki. Ni dai a bayan aji nake zama, na faɗi kwas ɗin ƙididdiga sau ɗaya na maimaita na tsallake da ƙyar, na ce alhamdulillahi na rabu da ƙaya. Bayan na gama na je intabiyu a wata ƙungiya, na sha kwalliya na haddace Marx da Weber tsaf, mutanen nan ko ɗaya ba su tambaye ni ba, kwamfuta suka turo min da bayanan wasu gidaje da suka tattaro suka ce in duba in faɗa musu me na gani. Na zauna ina kallon allon nan kamar an kai ƙauye kasuwar birni, zufa tana karyo min. Ban samu aikin ba mana, kuma sai da na koma na koyi abin da aka koya min kyauta a aji ina hira.

Me ake koya a wurin da har ya kai haka? Ana koya miki yadda ake sanin abu da gaske, maimakon "ai kowa ya sani". Misali a 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta aika wa mutum miliyan 10 takarda tana tambaya wa za su zaɓa shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka amsa, ta fito ta ce Alf Landon ne zai ci. Aka yi zaɓe abokin takararsa Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Me ya faru? Sunayen da ta aika wa yawanci daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka damu suka mayar da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. Wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, George Gallup, mutum wajen 50,000 kawai ya tambaya ya faɗi wanda zai ci daidai. Kin ga yawan waɗanda kika tambaya bai kai muhimmancin su waye kika tambaya ba. Sai yadda ake tsara tambaya kar ta sa wa mutum magana a baki, yadda ake zama da mutum a yi hira har ya saki jiki ya faɗi abin da ke ransa, yadda ake riƙe sirrin wanda ya amince ya ba ki labarinsa, da yadda in abu biyu suna tafiya tare ba za ki yi saurin cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Ki haɗa da manhajojin ƙididdiga na kwamfuta, Excel tun aji ɗaya, sai SPSS ko Stata, in kina da ƙoƙari ki koyi R tunda shi kyauta ne.

Kuma don Allah in lokacin furojet ya zo kar ki yi abin da na ga wasu 'yan ajinmu sun yi, su buga takardun tambayoyi su samu gindin bishiya su zauna su cike da kansu suna canza biro da salon rubutu. Sun samu makinsu ba a kama su ba, amma damar da za su koyi aikin sau ɗaya a rayuwa da malami a kansu ita suka zubar. W. E. B. Du Bois, wani masanin soshiyoloji ɗan Amurka, gida-gida ya bi a wata unguwar baƙaƙen fata a Filadelfiya yana ƙwanƙwasa ƙofa da kansa kafin ya fitar da bincikensa a 1899, shi ya sa har yau ake karanta shi. Ki zaɓi ƙaramin abu da za ki iya, ki fita ki sha rana, za a yi miki wulaƙanci wani ya rufe miki ƙofa wata ta ce me za a ba ta in ta amsa, duk cikin karatun ne.

Wanda ya fito da wannan a hannu yana da wuraren zuwa, hukumomin ƙidaya da ƙididdiga, ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa masu neman wanda zai auna musu ko aikinsu yana tasiri, binciken lafiyar al'umma, kamfanonin da suke son sanin me masu saye suke so, sashen kula da ma'aikata, gidajen gyaran hali, jarida, koyarwa. Sai dai ki sani duk wuraren nan za ki yi gogayya da masu wasu digirorin, kuma da yawa sai kin ƙara da digiri na biyu kafin ki zauna da gindinki. Wani abin dariya ma soshiyoloji da kansa ya yi bincike a kan samun aiki, Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa daga mutanen da kuke sanin juna sama-sama a kan aminai na kusa, don aminanki abin da kika sani shi suka sani. Saboda haka kar ki maƙale wa ƙawaye uku tun daga aji ɗaya har ki fita.

Na ga wani ya sa baki ya ce miki wai kwas ɗin yana lalata imani. Eh za ki karanta cewa Marx ya kira addini banjun talakawa, za ki karanta ra'ayoyin da za su ɓata miki rai. Amma abin da fannin yake tambaya shi ne me addini yake yi a rayuwar jama'a, yadda yake haɗa su da yadda suke tsara kansu a kansa, ba shi da ma'aunin da zai ce wannan gaskiya ne wancan ƙarya ne. Ni da sallata na shiga da ita na fito, sanin abin da mutum ya faɗa daban yarda da shi daban.

Saura maganar lauya. In har zuciyarki can take, kin tabbata ke kike so ba don a riƙa ce miki barista ba, kuma kina da halin jira da ƙarfin sake jarabawa, to jiran shekara ɗaya ba abin kunya ba ne, ya fi ki zauna shekara huɗu kina jin haushin kowace lakca. Amma ki tambaya tukuna ko jami'arku tana barin canjin sashe bayan shekarar farko da irin makin da ake nema, wasu suna bari. Kuma ƙofar ba ta rufe don kin fara da wannan, a Amurka ma sai ka yi digiri na farko a wani fannin kafin a ɗauke ka makarantar lauya, Michelle Obama soshiyoloji ta gama a Princeton a 1985 sannan ta wuce Harvard ta yi lauya. Dokar kowace ƙasa daban, ki bincika taku.

In ni ce ke dai zan karɓa. Ki je sashen tun kafin a fara rajista ki roƙi jerin kwasa-kwasan daga aji ɗaya har na ƙarshe, ki ƙirga nawa ne na dabarun bincike da ƙididdiga, ki samu 'yan ajin ƙarshe biyu ko uku ki tambaye su ko ana sa su taɓa kwamfuta da gaske ko a allo kawai ake zana musu. Abin da suka faɗa miki ki turo min mu duba tare, ki gaida su Mama.

Taki,
Antinki