Karen Corgi da Zafin Legas

Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwana masu gadi a Legas waɗanda aka damƙa wa kulawa da karen Corgi, wato gajeren nan mai guntayen ƙafafu da makiyayan Wales a Birtaniya suke kora shanu da shi a da, yana cizon duga-dugansu. Gashinsa ruɓi biyu ne saboda sanyin can, shi ya sa wanda nake kula da shi a Lekki sai bayan sallar Asuba nake fita da shi, kuma kwanonsa ba ya rabuwa da ruwa. A daina cika shi da ragowar abinci, domin ƙiba da yawan tsalle a matakala suna lahanta dogon bayansa. Allurar rigakafin haukan kare kuwa tilas ce.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas.