Zuwa ga Babana, kan kat-kat ɗin nan da ka saya

Assalamu alaikum Babana. Da fatan kana lahiya kai da iyali, ya zahin Yamai, mu nan Tawa sai godiya, ƙura ce dai ta dame mu kwanan nan. Hotunan motar sun iso a WhatsApp, innarka ta zagaya da waya gidajen maƙwabta kaf tana nunawa har da guɗa. Allah ya sa albarka, ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Na ga gara in rubuto maka da in yi vokal, don na san halinka, vokal in ya yi tsawo ba ka kai ƙarshensa.

Ka ce ka zaɓi kat-kat, doguwar motar nan mai ja da taya huɗu, saboda yara, wai in aka yi karo babbar mota ce ke cin ƙarama. To akwai gaskiya ciki, in mota biyu suka haɗu gaba da gaba na cikin mai nauyi sun fi samun sauƙi. Amma a tuƙin da na yi ma furoje cikin Adar da Azawak, mafi yawan manyan motocin da na tarar ƙafa sama a gefen hanya ba su yi karo da kowa ba, su kaɗai suka kife. Wannan tsawon da ke burge ka, kana zaune sama kana hangen kan taksi, shi ne rauninta. Nauyinta yana can bisa nesa da ƙasa, kamar raƙumi ne da aka labta ma kaya, inda jaki zai yi tuntuɓe ya miƙe ya ci gaba shi in ya karkata sai ƙasa. Kuma abin haushi cikinta ba ka jin gudu, gilas rufe, kilim na busawa, karatu na tashi a rediyo, kana 120 kai a ranka 80 kake.

Ga yadda abin ke faruwa. Kana tahe akuya ta faɗo hanya, ka fizge sitiyari hagu, ka ga za ka fita kwalta sai ka sake fizgewa dama da ƙarfi, to wannan fizga ta biyu ita ke kada mota, don jikin ya riga ya kwanta gefe guda sai ka wurga shi ɗaya gefen gaba ɗaya. Ko kuma babbar mota ta matse ka tayun dama su sauka bakin kwalta inda ruwa ya cinye, su shiga rairayi, kai kuma tsoro ya sa ka maido ta sama nan take. Kada ka yi haka. In taya ta sauka, ɗauke ƙafa daga wuta, riƙe sitiyari daidai da hannu biyu, bar ta ta yi ta tahiya a gefen har gudu ya mutu sannan ka hau a hankali. Akuya kuwa ka taka birki a miƙe, in ta mutu ta mutu, a nemi mai ita a ba shi haƙuri a biya shi. In ka taka ka ji birkin yana kakkarwa ƙarƙashin ƙafarka kada ka saki, ABS ne, na'urar da ke hana taya ƙullewa, ke aikinsa, ƙara danna.

Yanzu ina son ka duba mini wani abu a tablo, allon fitilun da ke gaban direba. Akwai na'urar da ke kama mota in ta fara zamewa, tana taka ma taya ɗaya birki ita da kanta kafin kai ka farga, Toyota na ce mata VSC, wasu kamfanoni ESP. A Amurka an wajabta ta ga sababbin motoci tun daga na 2012, Turai kuma 2014, saboda an ga yadda take rage kifewar irin waɗannan dogayen motoci. Ba ka faɗa mini shekarar taka ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ka ga ko hoton ƙaramar mota mai layi biyu a karkace bayanta zai kama, shi da na ABS da na erbag, jakar iskar nan da ke fitowa in an yi karo, dukansu ya kamata su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ta zauna kunne akwai matsala. Wadda ba ta kama ba sam ita ce ta fi ba ni tsoro, don akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin salatif don mai saye kada ya gani. Motocin okaziyon da ke shigo mana ta tashar ruwa da yawa sun yi haɗari ko ruwa ya ci su can ƙasarsu aka gyara fenti aka turo. Lambar shasi tana nan ƙasan gilashin gaba wajen direba, haruffa da lambobi 17, in daga Amurka ta zo yaran nan na iya binciko tarihinta a intanet. Kuma ka kai ta wajen makanikenka, naka, ba wanda dillali ya nuna maka ba, a ɗaga ta a duba ƙarƙashi.

Sai taya, nan ne zan daɗe don nan ne mutanenmu ke rowa. Mutum ya zuba miliyoyi a mota sannan ya je ya sayo taya okaziyo don jikka kaɗan ta rage masa. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka, galibi waɗanda ke kan Ford Explorer, saboda bayan tayar yana saɓulewa ana cikin gudu motar ta kife, mutum sama da 200 suka rasu. Kuma ka san inda abin ya fi tsanani? Wuraren zahi, kudancin Amurka, Benezuwela, Saudiyya. Zahi da ƙarancin iska da nauyi, su ukun nan in sun haɗu taya ba ta da lahiya, mu kuwa wane ne ba mu da shi a cikinsu watan Afirilu da Mayu, lokacin da kwalta ke narkewa tana kama takalmi. Ka durƙusa ka duba gefen kowace taya, akwai inda aka rubuta DOT, bi layin har ƙarshe za ka ga lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to satin 23 na 2019 aka yi ta. Wadda ta haura shekara 6 ka fara zarginta ko da zanenta na nan raɗau, wadda ta kai 10 ba ta da wurin zama ƙarƙashin jikokina. Ka duba tsattsagewa ƙanana a gefe, ka shafa da hannu ko akwai kumburi. In ka ga hoton dutse mai ƙanƙara a jiki to galibi tayar sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, ba don ƙasarmu aka yi ta ba. Har sakur, tayar ajiyar da ke rataye baya, ka duba, ita ce rana ke ci kullum ba mai kula ta.

Iska kuma ba da ido ake auna ta ba, ba kuma da ƙwanƙwasa ƙarfe kamar yadda wasu masu faci ke yi su ce maka ta yi Alhaji. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda liƙe da ta faɗi awon da ya dace, na mota wayam da na mota cike. Ka sayi ɗan abin awo naka ka aje a mota, ka auna da safe kafin ka yi tahiya taya ta yi zahi. In ka rage iska don ka ratsa rairayi, da ka hau kwalta ka maida.

Na ji innarka tana lissahin abin da za ka kawo da Sallah, shinkafa, mai, har da rago wai a ɗaure sama, in za ka koma kuma albasa da buhun hatsi. Na ce mata a'a. Galerin saman irin motocin nan galibi ba ya wuce kilo 100, wasu ma ba su kai ba, buhun hatsi babba guda ya cinye shi. Duk abin da ka ɗora sama ƙara mata tsawo ka yi. Kaya masu nauyi ciki, ƙasa, a matse su jikin kujerar baya a ɗaure, tukunyar gas kada a bar ta tana yawo bayan kan yara. Rago a sa shi motar kasuwa, ko ka turo kuɗi in saya maka nan, dama namu na Adar sun fi.

Mutane ma haka. Da an ji za ka zo gida za ka ga 'yan uwa sun ɓullo, wannan a rage masa hanya zuwa Dutsi, wannan ɗiyarta ce kawai ba ta da jiki. Ƙirga santir, abin ɗaure jiki a kujera, nawa ke cikin motar, iyakar mutanenka ke nan. Wanda ya ji haushi ka ce Baba ne ya hana, ni na saba. Hukumar lahiya ta duniya ta ce santir na rage mutuwar na gaba da kusan rabi, kuma in mota ta kife wanda bai ɗaura ba shi ke fita ta taga motar ta bi ta kansa. Na baya ma su ɗaura, har mai ɗakinka, ka lallashe ta. Amaryata kuma, na gan ta a hoto zaune bisa cinyar uwarta a gaba tana kama tablo, wallahi gabana ya faɗi. Erbag in ya tashi da ƙarfin tsiya yake fitowa, an yi shi don ƙirjin babba ne, ba kan yarinya ba. A saya mata kujerar yara a ɗaure baya, ta yi kukanta ta gaji. Kuma ko cikin gida kafin ka ja da baya ka zagaya motar da ƙafarka ka san inda kowane yaro yake, don ɗan shekara biyu in ya tsaya jikin bamba ba ka ganinsa ko ta madubi ko ta gilas. Kada a bar yaro ciki a rufe ko na shiga farmasi in fito ne.

Kat-kat tana taimakonka ka tashi cikin laka da rairayi, amma wajen tsayawa ba ta fi kowa ba, nauyinta ma ƙara mata nisa yake. In ka ninka gudu, nisan birki ninki huɗu yake zama. Da damina kuma in ka iske kori ya kawo bisa radiye, inda aka zuba kankare ruwa ke bi ta kan hanya, tsaya tare da masu ƙananan motoci ka jira, kada yaran wurin su zuga ka wai taka babba ce za ta wuce, ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya ɗauke ta, kuma ba ka san ko ya cinye kankaren ƙasa ba.

Yamai zuwa nan wajen kilomita 550 ne, ka yi asuba ka fita. Wajen Kure ka rage saboda raƙuman dawa suna tsallake hanya, ka tsaya Doso ka miƙe ƙafa, Dutsi ma haka, Ƙonni ku yi salla ku ci abinci. Daga Tsarnawa in ka juyo arewa ta Badagishiri ban yarda dare ya same ka ba, amalanken jakai ba fitila gare su ba, ga shanu masu komawa gida. In ka ga lokaci ya ƙure ku kwana Ƙonni, ba wanda zai yi maka faɗa. Kafin ranar ka leƙa tasha ka tambayi direbobi halin hanya, su ke bin ta kullum. Waya kuma ka ba mai ɗakinka ta riƙe, in na kira ita za ta amsa.

Ka turo mini hoton lambar DOT ta tayun duka biyar da na tablo lokacin da fitilun suka kama, kafin Juma'a in Allah ya kai mu. Innarka na gaishe ku, ta ce kada a mance mata maganin ƙafa. A shafa mini kan yara.

Mahaifinka, daga Tawa.