Kayan wuta na jabu: a duba kafin a biya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan ƙananan kayan wuta da mutane ke saye kullum a kasuwannin Sabon Gari da Farm Centre da shagunan unguwa a nan Kano, waɗanda galibi ba sa kai wata biyu. Mai saye yakan ɗora laifin a kan NEPA, alhali sau da yawa matsalar tana cikin kwalin tun daga shago.

A fara da ekstenshan, domin shi ne mafi haɗari. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato wajen wat 3,000 a wutarmu ta bolt 230. Don ya ɗauki wannan nauyin, wayar cikinsa ya kamata ta kai kaurin sukwaya milimita 1.25 zuwa 1.5, kuma ta tagulla zalla. Na arha kuwa roba ce mai kauri a waje, a ciki 'yan silalan waya ne da ba su fi rabin haka ba, wani lokaci ma alminiyam ne aka shafa wa ruwan tagulla. A jona dutsen guga ko hita mai cin wat 1,500 zuwa 2,000, sai wayar ta ɗauki zafi, robar ta narke, silalan su haɗu. A lokacin hunturu, da komai ya bushe, haka gobara ke tashi a ɗaki ko a rumfa.

Gane shi ba wuya. A kwance sukurin bayan fulogin a duba abu uku. Shin akwai fis na gaske, ko guntun waya aka naɗa a gurbinsa? Shin waya uku ce ta shigo, ko biyu ce, ƙafar sama ta at, mai kai wuta ƙasa don kada ta ja mutum, tana nan ba a haɗa ta da komai ba? Sannan a kankare silin waya ɗaya da reza: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana a buɗe ba.

Sai fawa bank. Lambar da ke jikin kwali, misali 20,000 mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, ana ƙirga ta ne a kan bolt 3.7 na batirin ciki. Kafin a ɗaga ta zuwa bolt 5 da waya ke sha, wani kaso ya tafi a zafi. Don haka ko na ƙwarai ne, zai cika wayar da batirinta 5,000 ne sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba. Wannan ba cuta ba ce, haka abin yake. Cutar ita ce a rubuta 50,000 a jikin abin da bai fi tafin hannu ba. Na 20,000 na gaskiya nauyinsa yakan kai giram 350 zuwa 450. Amma nauyi kaɗai ba shaida ba ne, tunda akwai waɗanda in an fasa ake tarar da batiri ɗaya ko biyu ne ke aiki, sauran gwangwanayen yashi aka ɗura. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika shi fal, a ƙirga sau nawa ya cika waya kafin ya mutu. In kuma ya fara kumbura, a daina amfani da shi nan take, kada a bar shi ƙarƙashin matashi ko cikin mota da rana.

Ƙwan fitila na LED ba sai na tsawaita ba. A nemi wanda aka rubuta yana aiki daga bolt 100 ko ƙasa da haka zuwa 240 ko sama, domin shi ne ke jure wutarmu mai hawa da sauka da kuma ta janareta. Wanda ba shi da nauyi ko kaɗan a hannu, babu ƙarfen da zai janye zafi a gindinsa, shi ya sa yake fara ƙyaftawa bayan 'yan makonni.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rubutun da ke ƙasan rasit da yawa, wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka tarar da aibu a cikinsa. Sai dai ba rasit, ba magana. A sa mai shago ya rubuta sunan kayan da lambarsa da kwanan wata da kwanakin gwajin da aka yi yarjejeniya, a kuma ajiye kwalin. In ya ƙi karɓa, a fara da shugabannin kasuwa, sannan hukumar kare masu saye ta jihar Kano.

Ita kuma hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, wadda ke ba da shaidar inganci ta SONCAP ga kayan da ake shigowa da su, muna roƙon ta riƙa shiga kasuwa tana sayen ekstenshan da fulogi kamar kowa, ta gwada su, ta buga sunayen waɗanda suka faɗi a jarida da rediyo da harshen Hausa, kafin sanyin bana ya shigo mutane su fara jona hita.

Wassalam.

Wani mai gyaran wuta,
Fagge, Kano