Amsar tambayarka a kan kofin nan

Ludwigshafen, Jamus
Ƙarshen Oktoba

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Hajiya da ƙafar tata? Yaya kaka?

Saƙonka na murya ya iso, sau uku na saurare shi ina dariya. Wato hoto ɗaya ka gani, ni da ƙaton kofi a tsakiyar Turawa, shi ke nan ka yanke hukunci Jamus ta cinye ni. "Kai ma ka fara?" To kwantar da hankalinka. Ruwan inabi ne zalla, wanda ba a bari ya yi tsami ba, aka sirka shi da ruwa mai gas. Amma tun da ka tambaya, amsar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Yankin da nake ana kiransa Pfalz, a kudu maso yamma, kan iyaka da Faransa. Tun zamanin Rumawa suke noman inabi. Akwai wata hanya mai kilomita 85 da aka buɗe a 1935, suna ce mata Weinstraße, wato Hanyar Giya, kuma duk ƙauyen da ke bakinta da nasa bikin. Daga Maris zuwa Oktoba da wuya ƙarshen mako ya wuce ba a yi a wani wuri ba, kamar dai yadda kasuwannin ƙauye suke ci a wajenmu, yau nan, gobe can.

Tsohon da nake haya a gidansa ne ya ja ni. Ɗan manoman inabi ne, matarsa ta rasu, ido kuma ya fara gazawa, ba ya tuƙi. Sai na zama direbansa. Ya ce tun da yake bai taɓa samun direba irina ba, wanda za a je biki da shi a dawo yana ganin hanya ɗaya ba biyu ba.

Na farko a Gimmeldingen ne, cikin Maris, lokacin da itatuwan almon suke fure. Fure ne dai, da sanyi, da mutane suna ta ɗaukar hoto. Ban daɗe ba na fara neman mota.

Na Deidesheim ne ya tafi da ni, kuma da kana wurin da sai an riƙe ka don dariya. Bunsuru ake gwanjo! Mutanen wani gari, Lambrecht, suna da izinin kiwo a dajin Deidesheim tun kaka da kakanni, ladan kuwa bunsuru ɗaya ne duk shekara. Akwai takarda ta 1404 da ta ambaci wannan. Jangali ke nan, ba wani abu ba. Sharaɗin shi ne ya zama mai ƙaho sosai, kuma namiji cikakke, ka dai gane. Rigimar bunsurun nan har gaban Napoleon, sarkin Faransa na lokacin, ta kai, ya sa hannu a 1808 cewa a ci gaba da biya. Yau babu mai kiwo a dajin, amma duk Talatar da ta biyo bayan bikin Fentikos na Kiristoci, ango da amarya mafi sabunta a Lambrecht suke jawo shi a ƙasa da sassafe. Dattawan gari su fito cikin kayan da, su zagaye shi suna duba ƙaho da abin da ke ƙasa, fuska a murtuke kamar dillalan kara. Da ƙarfe shida saura kwata na yamma a fara kaɗa ƙararrawar coci, a fara tayi a gaban tsohon zauren gari, duk wanda tayinsa ke sama lokacin da ƙararrawa ta yi shiru, nasa ne. Kuɗin yakan kai dubban Yuro. Na dubi dabbar da kyau, wallahi wanda ka yanka a sunan ɗanka na biyu ya fi shi cika ido.

Hoton da ya tayar maka da hankali kuma a Bad Dürkheim aka ɗauka, cikin Satumba. Shi ne uban bukukuwan, sama da mutum dubu 600 suke zuwa cikin kwana tara. Sunansa Wurstmarkt, kasuwar sosej, ko da yake ba sosej ke kai mutane ba. Suna ƙirga shekarunsa daga 1417. Asalinsa masu ziyarar ibada ne suke hawa wani tudu inda akwai ƙaramin coci, manoma kuma su turo gangunan giya a baro su sayar musu. Har yau rumfunan katako 36 da ke tsakiyar filin da sunan baron nan ake kiran su. A gefe ga wata ganga da wani maƙerin ganguna, Fritz Keller, ya yi a 1934, wadda za ta ci lita miliyan 1.7, ba a taɓa zuba mata ko ɗigo ba, gidan abinci ne a ciki. Kofin da ka gani sunansa Dubbeglas, rabin lita yake ci, jikinsa duk lotsattsun gurabe don kada ya suɓuce wa mai maiƙo a hannu. Sai ka ajiye kuɗin jingina kafin a ba ka, ka mayar a ba ka abinka.

Da rana wurin kamar filin sallah ne: yara, lilo, tsofaffi da karnukansu. Da magariba ta yi sai ya sauya. Na ga dattijo mai furfura, sa'an Baba, rungume da turken fitila yana yi masa waƙa. Na san abin da za ka ce, ni ma na tuna karatun da aka yi mana a zaure a kan zama inda ake sha. Ban zauna a bencinsu ba, a tsaye na shanye nawa, kuma duk da haka raina bai kwanta ba. Na gaya wa tsohon, baɗi ya nemi wani direban don wannan. Na bunsuru dai ina nan.

Abinci ma sai da lura. Abin alfaharinsu Saumagen, tumbin alade ne da aka cusa wa nama da dankali, shi tsohon shugaban gwamnatin Jamus, Helmut Kohl, yake kai manyan baƙinsa su ci a Deidesheim lokacin da yake mulki. Akwai wata wainar albasa mai ƙamshi da ake yi da kaka, har na miƙa hannu, tsohon ya buge shi, ashe da kitsen alade a ciki. Na ƙare da gasassun 'ya'yan wani itace da suke kira Keschde, ɗanɗanonsu tsakanin gurjiya da dankalin Hausa.

Yanzu ga inda Allah ya rufa mini asiri. A bakin hanya na ga wata mata tana sayar da kwalabe, abin ciki fari-fari, gauraye kamar kunun zaƙi. Na ce wannan ai sabon matsi ne, na saya, na kwantar a jaka tare da takardun aiki. Kafin mu kai mota bayana ya jiƙe sharkaf, ƙudan zuma na bina. Ashe Federweißer ne, ruwan inabin da ya riga ya kama hanyar zama giya, yana kan tafasa da kansa. Shi ya sa ba a toshe murfin, in an toshe kwalbar sai ta fashe, a tsaye ake ɗaukar ta. Zaƙi gare shi, in ji su, ba ka jin komai sai ka tashi tafiya. Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Takardun sun tafi, amma ko ɗigo bai shiga bakina ba.

Abin da na fi so ka ji shi ne Asabar ɗin da muka je gonar ɗan ƙaninsa tsinka. Yawancin gonakin fili inji ne yake bi ta kan layi yana karkaɗe 'ya'yan, amma inabi mai daraja da hannu ake yanka. An ba ni almakashi da bokiti ƙarfe bakwai na safe, raɓa kamar ƙanƙara, yatsu ba sa lanƙwasuwa. Kowane nono sai ka juya shi ka cire ruɓaɓɓen. Kafin azahar ƙuguna ya ƙi miƙewa. Waɗanda ke gefena 'yan ci-rani ne daga Romaniya, mace ɗaya tana cika bokiti uku kafin in cika ɗaya, hira kuma duk ta kuɗin makarantar yara ce da rufin ɗaki. Shi kuwa mai gonar, in ka ji shi sai ka rantse kawunka ne: sanyin da ya ƙone toho a bazara, tsuntsaye, tsadar taki da man inji, matasa sun rage sha, farashi ya faɗi, 'ya'ya ba sa son gado. Ya matsa mana inabin da muka yanka a take, na sha kofi biyu. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba.

Na tambaye shi ko irinsa zai yi a wajenmu, na ba shi labarin masu lambun inabi a wajen Zariya. Ya ce nasa Riesling ne, sai ya sha sanyi ya yi barci yake haihuwa, zafi kashe masa ɗanɗano yake yi. Don haka kada ka sa ran reshe daga gare ni.

In mai zuwan nan ya tabbata a Disamba, a haɗo ni da yaji da kuka, daddawa kuma a ninka mata leda uku saboda mutanen filin jirgi. Ban da kilishi, ƙwacewa suke yi. Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida uwargida da yara da 'yan majalisa. Hoton kuma kada ya kai wayar Baba.

Naka har kullum,
abokinka na Jamus