Injin da ke tashi ya mutu nan take

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu janareta da injin ban-ruwa kan wannan matsala. Injin da ya tashi ya mutu bayan 'yan daƙiƙu fuloginsa na ba da wuta, galibi fetur ne ba ya isa. Saboda haka kada a yi gaggawar kwance shi.

A fara da baƙin mai, a ajiye injin a daidaitaccen wuri a auna, domin yawancin janareta na da na'urar da ke kashe shi idan man ya yi ƙasa. Sai a sassauta murfin tanki a sake tayarwa. In ya ci gaba da aiki, hudar iskar murfin ce ta toshe.

Amma babban mai laifi kafireta ce, wato inda fetur ke gauraya da iska. Alamarta: injin na aiki da cok (abin da ke rage shigar iska) a rufe, ana buɗewa ya mutu. Fetur ɗin da ya kwana watanni yakan bar danƙo ya toshe jet, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramar huda da fetur ke bi. A rufe famfon mai, a kwance kofin da ke ƙasan kafireta, a zubar da ruwa da datti, a cire jet a wanke, a hura iska har haske ya ratsa hudar. Kada a zura allura, tana faɗaɗa hudar, injin ya koma shan mai da hayaƙi.

Fulogi kuwa, in ya yi baƙi ƙirin, matatar iska ce ake zargi. A goge shi, tazarar bakinsa ta zama milimita 0.7 zuwa 0.8 a yawancin irin waɗannan injuna.

Wassalam,
Wasu makanikan ƙananan injuna